Tsohon inji ya fi sabo buƙatar ma'auni

Akwai wata gardama da ke tashi lokaci zuwa lokaci tsakanin masu rubuta Linux, wadda in ka ji ta daga nesa sai ka ce ba ruwanmu da ita. Ga yadda take: wani ya zo da faci, yana so a koya wa ƙwayar tsarin yadda za ta auna aikin wata furosesa da kamfaninta ya daina ƙerawa tun shekara goma ko goma sha biyar da suka wuce. Sai wasu su ce ɓata lokaci ne, wa ke amfani da wannan tsohon ƙarfe? Wasu kuma su ce a karɓa, tunda injin yana nan yana aiki. Ni ina tare da na biyun, kuma ina ganin mu da ke zaune a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai muna cikin waɗanda maganar ta fi shafa, ko da yake ba a jin muryarmu a cikinta. Sai dai goyon bayana yana da sharaɗi, kuma nauyin sharaɗin a wuyanmu yake.

Bari in fara da bayanin abin da ake magana a kai. Ƙwayar tsarin, wadda masu karatun faransanci suka sani da noyau, ita ce manhajar da ke zaune tsakanin ƙarfe da sauran manhajoji. Ita ke raba lokacin furosesa, ita ke raba wurin ajiya, ita ke magana da faifai da allo da katin intanet. A cikin furosesa kuma akwai wasu ƴan maƙirgai da aka gina a jikin ƙarfen. Aikinsu ƙirga abin da ya faru: bugun agogo nawa ya wuce, umarni nawa aka kammala, sau nawa furosesa ta nemi bayani a ma'ajiyarta ta kusa ta rasa har sai da ta tafi babbar ma'ajiya, sau nawa ta yi hasashen hanyar da manhaja za ta bi a mararraba hasashen bai ci ba. Manhaja ta yau da kullum ba ta da izinin saita waɗannan maƙirgai. Mabuɗin yana hannun ƙwayar tsarin, don haka in ba a rubuta mata yadda za ta yi da wata furosesa ba, maƙirgan suna nan amma kamar babu su.

Ana amfani da su ta hanya biyu. Ta farko ƙirga ce zalla: ka kunna manhaja, in ta gama a ba ka jimilla. Ta biyu leƙe ce. Ana saita maƙirgi ya yi kira duk bayan bugu miliyan ɗaya, alal misali, sai ƙwayar ta tsaya ta rubuta layin da manhaja take kai a wannan lokacin. In aka tara dubban leƙe, sai ka ga inda lokaci ke tafiya, layi bayan layi. Tun 1971 Donald Knuth ya bincika tarin manhajojin Fortran ya gano cewa abin da bai kai kashi 4 cikin ɗari na rubutun manhaja ba shi ke cin fiye da rabin lokacinta. Lissafin mai sauƙi ne. In ka kwana kana gyaran ɓangaren da ke cin kashi 10 na lokaci, ko ka shafe shi ɗungurungum kashi 10 kawai ka rage. Wanda ba shi da ma'auni yana iya ƙare wata guda yana gyaran inda ba ya ciwo.

Yadda aka zo nan

Pentium ta farko, ta 1993, tana da maƙirgai biyu, amma Intel ta ɓoye bayaninsu sai ga wanda ya sa hannu a takardar riƙe sirri. Wani mai rubuta manhaja ɗan Norwe, Terje Mathisen, shi ya bi diddiginsu ya wallafa a mujallar Byte a 1994. Pentium Pro ta 1995 ita ma biyu gare ta, haka ƴan gidanta Pentium II da Pentium III da Pentium M. Athlon ta AMD, ta 1999, tana da huɗu. Pentium 4 ta zo a 2000 da maƙirgai 18 da wani tsarin saitawa mai sarƙaƙiya wanda bai yi kama da na kowa ba. Sai a 2006, da zuwan Core Duo, Intel ta kafa ƙa'ida ɗaya da furosesa za ta faɗa wa ƙwayar tsarin maƙirgai nawa take da su da faɗinsu. Duk abin da aka ƙera kafin nan sai an rubuta masa nasa direban daban, da hannu.

A ɓangaren Linux, an daɗe ana amfani da OProfile na John Levon da wasu facin da ba su shiga babban reshe ba. A Satumban 2009, a fitowa ta 2.6.31, tsarin da muke kira perf ya shigo, wanda Ingo Molnar da Thomas Gleixner suka fara. A wannan shekarar ce Vince Weaver, mai bincike a jami'a a Amurka, ya kawo facin da ya sa perf ya gane dangin Pentium Pro, wato ƙirar da ta riga ta shekara 14 a duniya. A 2010 Cyrill Gorcunov ya rubuta na Pentium 4, ya shiga a 2.6.35. Da aka cire OProfile daga ƙwayar a 2021, a fitowa ta 5.12, waɗannan direbobin ne suka rage wa masu tsofaffin injuna. Da ba a yi wancan aikin ba, da ranar da aka cire OProfile su ma an rufe musu ido.

Aikin ba na wasa ba ne. A dangin Pentium Pro, makunni ɗaya ne ke kunna maƙirgan biyu tare, kuma akwai abubuwan da maƙirgi na farko kaɗai ke iya ƙirgawa, wasu sai na biyu. A kwamfutocin cinya da yawa masu Pentium M, masu ƙera su sun kashe ɓangaren da ke kai kiran maƙirgi ga furosesa, don haka ana iya ƙirga amma ba a iya leƙe sai mutum ya tilasta kunna shi da kalmar lapic lokacin tayar da inji. In ka nemi a ƙirga abu huɗu da maƙirgai biyu, ƙwayar za ta riƙa juya su bi da bi, sannan ta ƙiyasta jimillar. Duk wannan sai wani ya zauna da littafin kamfani da injin gaske ya gwada.

Dalilan da suka sa nake goyon baya

Na farko, ɓarnar manhaja a kan tsohon inji ake jin ta. Mai sabuwar kwamfuta, mai furosesa takwas a ƙunshe ɗaya, ba zai lura ba in wata manhaja ta yi aikin banza na rabin daƙiƙa. Sakatariyar da ke buga takardu a kan injin da ya shekara 15, ita ke zaman jira, mutane na layi a bayanta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma in an hana shi fitila ba zai iya nuna wa magini wurin ba.

Na biyu, awon da aka yi a sabon inji ba ya zama hujja a kan tsoho. Pentium III ta ƙarshen shekarun 1990 ma'ajiyarta ta kusa kilobait 256 ce a ƙirar Coppermine, alhali furosesar yau tana da megabait masu yawa. Bayanin da ya zauna daram a ma'ajiyar sabuwa zai sa tsohuwa ta yi ta zirga-zirga zuwa babbar ma'ajiya. Pentium 4 ƙirar Prescott layin aikinta mataki 31 ne, don haka duk hasashen da bai ci ba a mararraba asara ce babba gare ta. Manhaja ɗaya, injuna biyu, ciwo daban-daban. Gaskiya ne ko babu direba perf yana iya leƙe da agogon tsarin, ya nuna maka inda lokaci ya tafi. Amma ba zai gaya maka dalili ba, kuma ba ya ganin wuraren da ƙwayar ta rufe ƙofar kira. Maƙirgan ƙarfe ne ke ba da dalilin.

Na uku, ba awon sauri kaɗai ke amfana ba. Linux yana da mai gadi da ke lura in furosesa ta sandare gaba ɗaya, kuma a injunan x86 da ɗaya daga cikin maƙirgan nan yake aiki. In ƙwayar ba ta san maƙirgan ba, inji zai daskare shiru, babu saƙon da zai nuna inda ya tsaya. Duk mai gyaran kwamfuta ya san wahalar injin da ke tsayawa ba tare da ya faɗi komai ba.

Na huɗu shi ne ya fi damuna, wato karatu. Ɗalibin ilimin kwamfuta a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, zai haddace a allo cewa ma'ajiyar kusa ta fi babba sauri. Amma gani ya kori ji. Ka ba shi manhaja mai tara lambobin babban jadawali layi-layi, sannan ya juya ta ta tara su tsaye-tsaye, ya auna duka biyun, ya ga da idonsa yadda rashin samu a ma'ajiyar kusa ya ninka. Wannan darasin ba ya buƙatar sabon inji, ba ya buƙatar sayen lasisi. Abin da yake buƙata kawai ƙwayar ta san maƙirgan injin da ke gabansa.

Abin da masu adawa ke faɗa

Ba zan yi kamar ba su da hujja ba. Kowane layi da aka ƙara a ƙwayar kaya ne da wani zai ɗauka har abada. Direban dangin Pentium Pro layi ɗaruruwa kaɗan ne, na Pentium 4 ya haura dubu, kuma a cikin rubutun da ya wuce layi miliyan 40 wannan kamar ɗigo ne. Amma yawan layi ba shi ne nauyin ba. Duk lokacin da aka sake ginin perf domin sababbin furosesoshi, dole a tabbatar tsofaffin direbobi ba su karye ba, kuma mai kula da sashen sau da yawa ba shi da injin da zai gwada. Rubutun da ba a gwadawa yana ruɓewa a hankali, yana nan a rubuce amma ba ya aiki. Ma'aunin da ke ba da lambar ƙarya ya fi rashin ma'auni illa, don mutum zai dogara da shi.

Akwai kuma maganar tsaro. Perf ƙofa ce daga manhajar talaka zuwa cikin ƙwaya, kuma a 2013 an gano wani kuskure a cikinsa da ke bai wa mai amfani na gama-gari ikon mallake inji baki ɗaya. Vince Weaver ɗin nan ya rubuta manhajar da ke jefa wa perf umarnin hauka don a ga inda zai fashe, kuma ta tono kurakurai da dama. Shi ya sa Debian take kulle perf ga wanda ba shugaban inji ba, sai an buɗe da gangan.

Sannan akwai hujjar da ta shafe mu kai tsaye, wato wuta. Wasu ƙirar Prescott suna iya kaiwa wat 115 a furosesa kaɗai, alhali ƙaramin allo irin Raspberry Pi 4 bai kai wat 10 ba a aikin yau da kullum. A ƙasar da wuta ke da tsada, ake yawan ɗauke ta, ga zafin Afrilu da Mayu, riƙe irin wannan injin ba tattali ba ne. Na yarda da wannan. Ba ina cewa a riƙe Pentium 4 har tashin duniya ba. Ƙa'idar da nake karewa ita ce: muddin ƙwayar tana tashi a kan inji, kuma akwai mai amfani da shi da zai gwada ya ba da rahoto, to a bar masa ma'auninsa. Ranar da aka yanke shawarar daina ɗaukar injin, a cire duka tare, a faɗa a fili. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce ana ɗauke da inji alhali an hana mai shi sanin abin da ke damun sa.

Layin yana matsowa

Wani zai ce ai Pentium III ta zama tarihi ko a nan. Haka ne. Wanda ya shiga shagunan kwamfuta na hannu a garuruwanmu zai fi ganin Core 2 Duo da Core i3 da i5 na zubin farko-farko, waɗanda suka gama aiki a ofisoshin Turai. Perf ya san su sarai yau. Amma kalmar "tsoho" ba ta tsayawa wuri ɗaya. Microsoft ta daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 yana neman TPM 2.0 da furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama. Red Hat Enterprise Linux 9 ba ya tashi a kan Core 2 Duo, na 10 kuma yana neman umarnin da suka fara zuwa da zubin Haswell na 2013. Debian 13, da ta fito a Agustan 2025, ba ta ƙara fitar da ƙwaya ko manhajar girkawa ga injunan x86 masu bit 32 ba. Abin da ya sami Pentium III jiya shi ke tunkarar injin da ke kan teburin sakatariyarmu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar lantarki ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62, kuma kashi 22.3 ne kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Duk injin da manhaja ta yi wa ritaya alhali ƙarfensa na da lafiya, can zai nufa.

To ta yaya ake yanke hukuncin cirewa a Linux? An cire 386 a fitowa ta 3.8, a farkon 2013. An cire Itanium a 6.7, a farkon 2024, don babu mai ɗaukar nauyinta. Kan 486, Linus Torvalds ya faɗa tun 2022 cewa irin waɗannan injuna sun zama kayan gidan tarihi, masu su su riƙe tsohuwar ƙwaya, kuma a 2025 Ingo Molnar ya gabatar da facin cire ta. Amma dubi ɗaya gefen. A 2019 direban faifan filofi ya zama maraya saboda mai kula da shi ba shi da sauran na'ura mai aiki, sai Denis Efremov ya fito ya karɓe shi. Da Arnd Bergmann ya tashi share tsofaffin allunan ARM, sai da ya fara tambaya wa ke amfani da wanne, kuma waɗanda aka samu masu su aka bar su, sauran aka cire a 2023. Darasin a bayyane yake. Ana cire abin da aka yi kira a kansa ba wanda ya amsa. Masu kula da ƙwayar suna Turai da Amurka da Asiya, injunan da ke gabansu sababbi ne. In ba mu yi magana ba, ta ina za su san Core 2 Duo tana ciyar da iyali a Tasawa?

Abin da ke wuyanmu

Nan sharaɗina ya shigo. Ba daidai ba ne mu zauna muna cewa Turawa su riƙe mana tsofaffin direbobi kyauta, mu kuwa ko rahoto ɗaya ba mu aika ba. Abin da masu kula suka rasa shi ne abin da muke da shi a yalwace: tsofaffin injuna masu aiki da matasa masu son koyo.

Farkon aikin ba wuya. A Debian kunshin sunansa linux-perf, a Ubuntu yana cikin linux-tools. Umarnin dmesg zai nuna layin da ƙwayar ta faɗi ko ta gane maƙirgan furosesa. Umarnin perf stat yana ba da jimilla, perf record yana yin leƙe, perf report yana nuna sakamako. Sabuwar ƙwaya tana fitowa kusan duk mako tara zuwa goma, kuma kafin ta fito ana sakin ta gwaji mako-mako. Ɗakin kwamfuta ɗaya a jami'a zai iya ware injuna huɗu ko biyar na zubi daban-daban, a harhaɗa ƙwayar gwaji a kan wanda ya fi ƙarfi, a girka wa sauran, a auna da manhaja ɗaya kowane zagaye, a ajiye lambobin a littafi. Ranar da lambar ta kauce, ko maƙirgi ya koma sifili, git bisect zai taimaka a gano facin da ya jawo. A Linux akwai ƙa'ida mai ƙarfi cewa abin da ke aiki jiya bai kamata ya karye yau ba, amma sai wani ya kai ƙara take aiki. Kuma ana rubuta sunan wanda ya kawo rahoto ko ya gwada a jikin facin, ya zauna a tarihin ƙwayar. Ga ɗalibin da ke neman aiki ko gurbin ƙarin karatu, wannan shaida ce da kowa a duniya zai iya dubawa.

Na san cikas ɗin. Kuɗin intanet yana da nauyi, wuta na iya tafiya ana tsakiyar harhaɗawa, kuma rahoton da turancin Ingilishi ake rubuta shi alhali mu da faransanci muka yi karatu. Amma rubutun ƙwayar sau ɗaya ake saukar da shi a raba a kebul ko makulli, daga nan sai ƙarin da aka yi kawai ake ɗaukowa. Rahoton kuma yawancinsa lambobi ne da sunan furosesa da saƙon da injin ya fitar, jimla biyar sun isa.

Kirana ga malaman sashen kwamfuta shi ne su sa awon aiki da perf cikin darasin ginin kwamfuta, a kan injunan da ke ɗakin yanzu, kada a jira kyautar sababbi. Masu gyara a kasuwa kuma, kafin ku ce wa mai inji ya tsufa ya sayi wani, ku auna ku ga ko wata manhaja ɗaya ce ke cinye shi. Hukumomin da ke karɓar kyautar kwamfutoci domin makarantu, ku tambayi zubin furosesar da tsarin da zai ci gaba da ɗaukar ta, kafin ku sa hannu. Wani zagayen tambayar "wa ke amfani da wannan?" yana tafe, kuma wannan karon a kan injunanmu za a yi ta. Ya kamata a samu ko da mutum ɗaya daga Nijar da zai amsa, da lambobinsa a hannu.